Ya kuke yi kuɗi ba sa zurarewa a tafiyar hutu? Za mu Ɗa'ifa da Madina

Baban Uku, Jidda:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu daɗewa a ƙasar nan. Ina zaune a Jidda da uwargida da yara uku, ijazata, wato hutun aikina, ta kusa kuma ta faɗo daidai da hutun makarantar yara, ga Hajiyarmu za ta zo Umara daga Kano ita da ƙanwata, to shi ne na ce in sun sauke Umara sai mu hau Ɗa'ifa mu ɗan sha iska tunda zafin Jidda yanzu ba a magana, daga nan mu wuce Madina ziyara kafin su koma gida.

Kuɗin masauki da man mota da abinci duk na zauna na lissafa na ware, ba su ne damuwata ba. Damuwata kuɗin da ba a lissafa da su ba, waɗanda suke fita da "kai wannan ya yi kyau" da "ai ba kullum ake zuwa ba". Yara su ga abin wasa mai walƙiya, uwargida ta ga abaya, ni kaina in na shiga shagon turare ko na agogo da wuya in fito hannu rabbana, kuma yanzu ba ka ma ganin fitar kuɗin, waya kawai za ka kara a jikin na'ura ta yi ƙara shi kenan an wuce wajen. Sai an dawo an zazzage jakunkuna a ga tarkacen da ba mai amfani da shi, ga haya tana jira, ga kuɗin murafiƙin, wato harajin iyalin da ke zaune a ƙarƙashinka, riyal 400 a kan kowane mutum duk wata, ni mutum huɗu ne a kaina kun ga 1,600 kenan kafin a ci a sha, ba a ma zo maganar sabunta igama, takardar izinin zama, ba.

Saƙonnin tsaraba kuwa tun yanzu sun fara shigowa ta WhatsApp, wannan abaya, wannan zobe, wani ma waya ya ce in taho masa da ita. Ku ya kuke yi? Akwai dabarar da ta taɓa yi wa wani aiki da gaske, ba irin ta "ka daure kawai" ba? Sannan wani abokin aikina ya ce in yi amfani da manhajar Tabby ko Tamara a raba min biya kashi huɗu ba zan ji nauyi ba, me kuka gani?

Hajiya 'Yar Misfala:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya kawo Hajiya lafiya ya karɓi ibada. Ni a saye da sayarwa na tsufa a garin Makka, tun zamanin da 'yan Kano-Jidda suke cika jirgi da ƙunshin kaya, don haka ta ɓangaren mai shago zan yi maka magana.

Mai shagon da yake gindin Harami ba kaya kaɗai yake sayar maka ba, har da kuɗin hayar shagonsa, kuma ya san wanda ya fito daga ɗawafi zuciyarsa a sake take, ba ya son ja-in-ja a kan riyal biyar. Carbi da dadduma da hula da kake gani a ƙarƙashin benen agogo, su ne dai a Kakiyya da Aziziyya da Sharar Mansur, su ne kuma a nan Jiddarku a Balad da Bab Makka da Bab Sharif, galibinsu ma daga Sin da Turkiyya ake kawo su. To kai da kake zaune a Jidda me zai kai ka sayen tsaraba a kan hanya? Wanda ya zo na 'yan kwanaki bai san gari ba shi ake yi wa uzuri. Tun a gida ka tara su ka gaya musu, a tafiyar nan duk abin da ake samu a Jidda ba za a saye shi ba sai an dawo Jidda. An dawo a ware yini guda a shiga Balad da takarda a hannu, a sayi dozin-dozin a farashin jumla wato sari. In kuma ta Madina jirginsu zai tashi to a yi Balad ɗin kafin a tafi. Abin da ya rage maka a hanya kenan dabino a Madina, 'ya'yan itace da ruwan wardi a Ɗa'ifa. Ka ga rabin rigimar ta mutu.

Takardar nan da na ce, kar ka raina ta. Sunan mutum, abin da za a ba shi, kuɗinsa a gefe, a tara a ga jimla tun ba a taka kasuwa ba. Wanda bai shiga takarda ba dabino da zamzam sun ishe shi. Da can mece ce tsarabar Makka in ba dabino da zamzam da bagaruwa da kwalli da ɗan zoben azurfa ba, kuma ba mu ga wanda ya yi yaji a kai ba. Wai waya! Shi ya ba ka ajiya?

Sai maganar awo. Ka duba tikitinsu, yawanci jaka biyu ce kilo 23-23, ka sayi ɗan sikelin nan na ratayewa ka riƙa aunawa a gida. Na sha ganin mata a filin jirgin Jidda sun baje jaka a ƙasa, bargo da fulas da tukwane da labule, abin da aka saya don an ga araha kuɗin kilonsa ya fi kuɗinsa, ƙarshe a bar shi nan ko a biya ana ƙunƙuni. Zamzam kuma galan ɗaya ne mai lita 5 a naɗe yake, shi ake yarda mai Umara ya tafi da shi, kar a ɗura a gorori a cusa cikin kaya.

Babban rami shi ne shagon gwal, nan zan ɗan daɗe. Farashin giram na ranar kowa yana iya gani a waya, amma ba shi za ka biya ba, a kansa akwai masna'iyya wato kuɗin ƙira, sannan dariba wato haraji kashi 15 cikin 100, wadda da aka fara ta a 2018 kashi 5 ce, a watan Yulin 2020 aka mai da ita 15. Ranar da za a sayar kuwa mai shago giram kawai zai auna, masna'iyya ta tafi, dariba ta tafi, duwatsun da ke jiki ma cire nauyinsu yake yi. Masu cewa gwal ajiya ne ba a asara, e gaskiya ne in da niyya aka fito, aka zaɓi mai karat 21 mai sauƙin ƙira, aka tambayi masna'iyya nawa ce a giram, aka zagaya shago uku huɗu, aka karɓi fatura wato rasit, kuma aka bar shi ya daɗe. Amma wanda aka saya don an gifta ta gaban gilashi fitila ta haska shi, wannan kwalliya aka saya, a kira shi da sunansa.

Ɗan Kandara:

Mama Allah ya ƙara girma, duk abin da kuka faɗa haka yake, amma ina da ɗan ja kaɗan. Yaya Baban Uku hutu fa za ka, ba kwas ɗin tattali ba. Akwai magidantan da tun daga tada mota fuska a murtuke, ba kuɗi ba kuɗi, yaro ya ce askirim a harare shi, a je a dawo kowa ransa a jagule, wallahi gara a zauna a gida a kunna mukayyif wato AC a huta. Wannan ma nadama ce, kuma ta fi ta abaya daɗewa a zuciyar yara.

Ni abin da nake yi, ina ware wani kuɗi da na sa wa suna kuɗin ɓarna. In je sarraf wato ATM in ciro su tsaba, in raba a ambulan, nawa daban, na madam daban, yara kowa in danƙa masa 'yan riyalolinsa a hannu. Kowa ya sayi abin da ransa ya raya masa ba mai tambayarsa dalili, amma in ya ƙare ya ƙare, ba ƙari ba rance. Za ka sha mamakin yaro, da kuɗinka duk abin da ya gani yana so, amma da nasa sai ya zagaye shago tas ya fito bai taɓa komai ba yana cewa ai da tsada. Katin banki na mada kuma na mai ne da masauki kawai, ka cire shi daga waya har ku dawo, ka sa shi can ƙasan walat inda sai ka tsaya ka lalubo, wannan 'yar tsayawar ita ce take ba ka damar tambayar kanka. In ka ga ba za ka iya ba ka shiga manhajar banki ka rage iyakar abin da za a iya cira a rana.

Tabby da Tamara kuwa kar ka soma a tafiyar nan. Ba wai kayan sun ƙara kuɗi ba ne, idonka ne yake canjawa, abin riyal 800 sai ka gan shi 200, ka yi irin wannan sau biyar, to wata mai zuwa 1,000 ta fita tun ratib wato albashi bai gama zama ba, haka kuma har wata uku, ga murafiƙin ɗinka 1,600 a gefe. Abin ya dace da firij ko injin wanki da ka daɗe da niyyarsa, ba kayan da ka haɗu da su yau da la'asar ba.

Kuma in za a kashe a kashe a inda za a tuna. Ka hau da su telefirik, 'yar motar nan mai rataye a igiya, na Hada kusa da Ɗa'ifa su leƙa dutsen nan daga sama, ku je Shafa ku shimfiɗa dadduma ku gasa nama, wannan yara za su yi shekaru suna labari. Motar roba mai batir kuwa kafin ku sauko daga dutsen ta mutu.

Maman Yara, Riyad:

Ni dai na lura duk inda aka ce kuɗi sun zurare sai a ce uwargida ta ga abaya. Malam abaya nawa take? Ku faɗi tsakani da Allah tola ɗaya ta udu da kuke saya a tsaye abaya nawa za ta saya. Alhamdu lillahi ka faɗi naka da bakinka, to a fara daga nan.

Shawarata ka zaunar da ita kafin tafiya, ba ka ce mata "a yi hankali da kuɗi" ba, a'a ka nuna mata lambobin, ga abin da ke akwai, ga abin da ke jiranmu in mun dawo, sannan ka miƙa mata jakar ta riƙe. Mace in ta san iyakar abin da ke hannu ta fi namiji riƙo nesa ba kusa ba, abin da ke sa mu saye shi ne ba mu san me ke akwai ba, muna ganin ana ta kara waya mun ɗauka da sauran.

Sannan ba wanda ya taɓo abinci, alhali nan ne kuɗi suke tsiyaya ba a ji. Mutum bakwai ne ku, in safe da rana da dare duk a waje za a ci, da ruwa da lemo da shayi a kowace mahaɗɗa wato gidan mai, ka lissafa ka gani. Ku kama shugga mafrusha, wato gidan haya mai kayan ɗaki, mai kicin maimakon ɗakin otal biyu, ku shiga babban kanti sau ɗaya ku yi sayayyar karin kumallo da katan ɗin ruwa, fulas ɗin shayi a mota. Sau ɗaya a rana a ci a waje a more, ko Albaik ɗin da yara suke so ko mandi. Kuma ina tabbatar maka Hajiya ba za ta jure shinkafar bukhari kullum ba, kwana biyu za ta fara cigiyar tuwo, ku tafi da garin tuwo da kuka da daddawa.

Allunan takfidat wato ragin farashi masu jan rubutu kuma kar su ruɗe ku, ku da kuke zaune a ƙasar. Duk shekara ana yi lokacin bikin ranar ƙasa 23 ga Satumba, a sake yi a Nuwamba, a yi gabanin azumi. Ba ƙarewa yake ba.

Ɗalibi a Madina:

Assalamu alaikum. Yallaɓai ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci, duk lokacin Umara muna raka baƙi daga gida, abin da na fi gani shi ne dabino. Kar ku saya a shagunan ƙarƙashin otal-otal na Markaziyya, unguwar da ke kewaye da Masallacin Annabi, haka nan in kun shiga motar ziyara aka zagaya da ku Ƙuba da Uhudu da Ƙiblataini aka ƙare a wata gona aka ce nan ne na asali, ku ɗanɗana ku yi godiya, ba dole sai kun saya ba. Ku je kasuwar dabino ta gari, ku tambayi kilo nawa a wurare da yawa kafin ku tsaya.

Kowa Ajwa yake nema saboda hadisin cin guda bakwai da safe da yake cikin Bukhari da Muslim, kuma ita ce mai tsada, sai ka ga mutum ya sayi katan-katan wai zai raba wa unguwa. Ku sayi Ajwa daidai ta Hajiya da manyan gida, na rabo kuma Safawi ko Mabrum ko Sukkari, duk masu kyau ne ba wanda zai raina. A kula kuma, Safawi shi ma baƙi ne, wanda bai sani ba sai ya ɗauka Ajwa ce, amma shi dogo ne, ita Ajwa gajeriya ce mai ɗan kewaye da siraran layuka a jikinta.

Dabarar da nake ba baƙinmu, duk abin da ya burge ka wanda ba ya cikin takarda, ka ce sai bayan salla mai zuwa. Ka gani da azahar, ka bari sai an yi la'asar. Shagon yana nan, mai shagon da ya rantse maka saura guda ɗaya gobe ma za ka tarar da guda ɗayan. Mafi yawan lokaci kafin a sallame an manta da shi, wanda kuma aka fito ana tunaninsa to wataƙila da gaske ana buƙata.

Ga ƙanwarku kuma, ta riƙa juya kuɗin zuwa naira kafin ta ce a ba ta. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 a dala ɗaya, don haka duk yadda dala ta yi da naira haka riyal yake yi da ita, riyal 50 a baki ba ta da nauyi sai an buga a kalkuleta.

Wani abu da ba a cika lissafa shi cikin kashe kuɗin gaggawa ba, masu tare mutum a harabar masallaci da labarin an sace musu guzuri ko fasfo. Zuciya tana da taushi a wurin, ba a son a ce a'a. Bara dai haramtacciya ce a dokar ƙasar, kuma ga manhajar sadaka ta Ehsan a waya in sadaka ake so ta isa inda ya dace, ko ku ware ta tun daga gida ku san wa za ku ba. Ma'aunin ai yana cikin Suratul Furƙan aya ta 67, inda aka yabi bayin Allah da cewa in sun ciyar ba sa ɓarna ba sa ƙwauro, suna tsakatsaki. Ina ganin maganar Mama da ta Yaya Ɗan Kandara duk a cikin ayar suke.

Direban Hada:

Maigida ni hanyar nan ta Hada zuwa Ɗa'ifa ita ce wajen neman abincina. Masu zuma a bakin titi kowa zai ce maka sidir ce, wato ta magarya, tsantsa daga dutse, in ba ka san zuma ba kar ka sayi kilo, ka sayi 'yar ƙaramar kwalba ko ka haƙura. Wardi kuma lokacinsa wajen Maris da Afrilu ne, yanzu da zafi ba za ku tarar da fure ba, ruwan wardi na kwalba dai yana nan ba tsada, amma man wardi na gaske a tola ake sayarwa kuma kuɗi ne masu yawa, duk wanda ya miƙo maka shi da araha ka san da magana. Abin da ya dace da kuɗinka yanzu rumman da inabi da barshumi, ɗan itacen nan mai ƙaya, a saya a ci a wurin.

Kuma ka kula da Sahir mai kama masu gudu a hanya, kyamara ba ta san kana hutu ba, tara ɗaya ta cinye kuɗin ɓarnar da Ɗan Kandara yake faɗa.

Baban Uku, Jidda:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Yara na karɓi gyara, uwargida ma na nuna mata ta yi ta dariya ta ce a gaishe ki. Ambulan da takarda da dokar Jidda duk za mu yi, jirginsu ta Jidda zai tashi don haka Balad sai mun dawo. Tabby kuma na bar shi.

Amma Mama ga inda gizo ke saƙa. Uwargida da yara zan iya yi musu doka, Hajiya fa? Mahaifiyata ce, ta zo ƙasar da nake aiki, in ta ɗaga abu a shago ta juya shi ta kalle ni, wallahi bakina ba zai iya cewa ba ya cikin takarda ba.

Hajiya 'Yar Misfala:

Wa ya ce ka yi wa mahaifiyarka doka ɗana? Ranar da ta sauka, in ta huta, ka shiga wajenta kai kaɗai ka danƙa mata abin da ka ware mata a hannu, ka ce Hajiya ga wannan ki sa albarka, na sayayyarki ne. Shi kenan. Uwa ta fi ka tausayin kuɗinka, in suna ɗaure a bakin mayafinta sai ta taya abu sau goma, ƙarshe ma ka ga ta rage ta ba jikoki. Abin da ke sa ta ɗaga kaya ta kalle ka shi ne ba komai a hannunta, dole sai ta bakinka. Kuma takardar tsarabar ita za ta faɗa kai ka rubuta, ta fi ka sanin wa ya kamata wa bai kamata ba, mai wayar nan ma ka bar ta da shi.

Wadda za ka sa wa ido ƙanwarka ce. Ba don komai ba sai kiran bidiyo, za ta tsaya tsakiyar shago tana haska wa ƙawaye da 'yan uwa kaya, wannan ta ce ɗauko min zan turo, waccan ta ce ni ma, kai ne za ka biya a nan, turowar kuma sai ka ji shiru. Ka gaya mata da daɗin baki tun da wuri, duk mai sautu kuɗinsa ya riga kayansa zuwa, kuma kilonsa a cikin jakarta zai fita ba ta Hajiya ba.

Baban Uku, Jidda:

To Mama an gama, haka za a yi in sha Allahu. Malam Direba tambaya ɗaya, Hajiya tana da jiri in mota tana yawan lanƙwasa, ta Hada za mu hau ko akwai wadda ta fi?

Direban Hada:

Da tsohuwa a mota ka bi ta Sail, ta ɗan fi nisa amma ba kwana-kwana kamar Hada, ga miƙatin Ƙarnul Manazil a kan hanyar in wani yana son sake Umara a dawowa. In kun isa Ɗa'ifa sai ka kai yara Hada ta sama su hau telefirik ɗin, Hajiya ta zauna a inuwa da shayinta. Ku rufe gilashi in kun ga birai, suna fizge leda.